Zobe a Ƙarƙashin Koren Fenti

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in yarda in yi wannan rubutu. Karatuna a lekol, wato makarantar firamare, ya tsaya, can ɗin ma da Faransanci aka koya mana. Rubutun Hausa a tsofaffin jaridun da ake naɗo mana kaya a ciki daga Yola na tsince shi. Ga kuma wani abin: in zan faɗi labarin yadda yake, dole in faɗi kuskuren da hannuna ke ciki, da na mutanen da har yau nake cin tuwonsu. Na je na nemi izininsu, suka ce in rubuta. Abin da ya hana ni ƙara jira shi ne wata magana da wani direba ya yi mini watan jiya. Akwai kujeru bakwai da nake nema, kuma in ban same su ba kafin damina, mai yiwuwa ne wani ya zauna a kan ɗayarsu ruwa na gudu a ƙarƙashinsa.

Sunana Hamisu. Sana'ata saƙar igiyar ƙarfe da haɗa tsofaffin injunan da aka kwance daga wani wuri aka kawo wani. A Garwa ba kowa ya san sunan nan ba, Sake-Duba ake ce mini, saboda ba na ɗaure bulo, wato ƙusa mai noti, in wuce ban dawo na taɓa shi ba. Samarin da ke walda a bakin titi, in suka ga jirgin igiyar da muka kafa a Kan Dutse, sukan ce ai ba wani abu ba ne, ginshiƙi ne da igiya da inji. Wani ma ya taɓa nuna mini a salularsa yadda ake haɗa irinsa, cikin minti huɗu an gama. Ban yi masa musu ba. Amma saboda irinsa ne zan ɗan tsaya a kan yadda aikin yake.

Aikin farko da aka ba ni a tashar jiragen ruwa ta Binuwai shi ne jan tsumma. Maigidana, Malam Ɗanjuma, Allah ya ji ƙansa, shi ke kula da igiyoyin injin ɗaga kaya da na ɗaure jirage. Zai miƙo mini tsumma ya ce in naɗe igiya da shi in bi ta daga farko har ƙarshe. Duk inda ƙaramar waya ɗaya ta tsinke, tsumma zai maƙale. In tsaya, in ɗaura zare, in ci gaba. Wata shida ina wannan kafin ya bar ni in taɓa tsinke. In na ce na gama, ya ce in sake. In na sake na sami daidai da na farko, ya ce to yanzu sai a yarda da kai rabi. Kayan aikinsa ba su da yawa: tsinken ƙarfe uku manya da ƙarami na buɗe silin igiya, kurfi, awartaki, magagari, gudumar tagulla don ta ƙarfe tana raunata waya, da tirfo, wato injin ja na hannu. Can ƙasan akwatin akwai gwangwanin kananzir da ƙullin alli. Sau ɗaya tak na ga ya fito da su, ranar da ƙugiyar injin ɗaga kaya ba ta kwanta masa a rai ba. Ya jiƙa ta da kananzir, ya goge, ya shafe ta da alli, ya ajiye a rana. Mai kayan na ta faɗa jirgi zai tashi. Malam Ɗanjuma ya ce masa ido yana ganin abin da ƙarfe ya ga dama ya nuna masa ne kawai, kananzir kuwa yana shiga inda ido bai shiga. Ranar ƙugiyar lafiyarta lau, allin ya bushe fari fes, ni kuma na ɗauka fitinar tsufa ce na manta da abin.

Da jirage suka daina zuwa, tashar ta mutu, sai na koma bin injuna. Na kwance injin matse auduga a Kaele na haɗa shi a wani sito, na yi shekaru ina ɗaga famfunan ban ruwa a Maga daga wannan bakin zuwa wancan. A nan na koyi abin da salula ba ta nunawa. Sabon inji kowane ƙarfe yana shiga ko'ina, amma tsoho kowane ƙarfe ya tsufa ne tare da maƙwabcinsa, sun ci juna sun saba. In ka raba su ka haɗa kowa da baƙo, injin zai tashi, amma zai yi ta cin kansa har ya kashe wani abu. Shi ya sa mai kwancewa ke sa wa kowane ƙarfe lamba kafin ya taɓa bulo. Mai haɗawa kuwa makaho ne, lambar nan ce sandarsa.

Aikin Kan Dutse ta hannun Mama Marta ya zo mini. Ita ce shugabar ƙungiyar manoman wani ƙauye da ke bisa dutse, arewa da Garwa, Kiristoci ne, suna noman dankali da tumatir da gyaɗa, kasuwa kuma tana gindin dutsen. Awa ɗaya da rabi mata ke yi suna saukowa da kaya a ka. Ɗanta Pol yana aiki a Turai, a wani ƙaramin gari na cikin duwatsu inda ake wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Akwai jirgin igiya mai kujeru da ke kai masu wasan sama. Su ma ba sabo suka saya ba, daga wani babban wuri da ya yi sabo aka kwanto musu shi tun shekaru. Da dusar ta daina zama musu, suka rufe, za a sayar wa masu narka ƙarfe. Pol ya roƙa, aka ba shi. Ke nan mu ne gidansa na uku.

Jirgin ruwa ya kawo shi Duwala, jirgin ƙasa ya kawo shi Ngaundere. Daga can Alhaji Buba ya ɗauka. Alhaji dillalin shanu ne, asalinsa mahauci, ya shekara ashirin yana sayen awaki da shanu a hannun mutanen dutsen, motocinsa kuma kullum suna kai shanu tashar jirgi su dawo wayam. Sahu uku suka yi, suka zube kayan a filin kasuwa: ginshiƙai bakwai, manyan ƙafafu biyu da igiya ke zagayawa a sama da ƙasa, fuli masu yawa, wato ƙananan ƙafafun da igiya ke gudu a kansu, igiyar kanta a naɗe, da kujeru talatin masu cin mutum biyu-biyu. Kowace kujera tana da ƙarfen da ke cizon igiya ya riƙe ta, mu muƙamuƙi muke ce masa. Takardun injin sun zo a akwatin katako da ya sha ruwan sama a Duwala, na buɗe na tarar sun manne sun zama curi ɗaya kamar dawo. Amma hankalina bai tashi ba, don kowane ƙarfe akwai lamba a jikinsa da rawayen alli, rubutu mai kyau, babu wanda aka tsallake.

Ga kuskurena. Ranar Alhamis ce da la'asar, littafina na aljihu, biro na kunne. Awa biyu za su ishe ni in kwafe lambobin nan duka in zana inda kowace take. Sai yaran mota suka fara kiran Garwa, motar ƙarshe ce, ni kuma ina so in ɗauko tirfo da akwatina. Na ce ƙarfe ba ya gudu, in na dawo na kwafe. Ni da ake wa dariya don sake dubawa, ranar ko sau ɗaya ban duba ba.

Na dawo ranar Litinin, tun daga nesa na hango filin kasuwa ya zama kore. An wanke kowane ƙarfe da sabulu da soso, an goge tsatsa da kashin shanu da rawayen allin gaba ɗaya, an shafe su da koren fenti hannu biyu. Alhaji Buba ne ya kawo fentin kyauta, matasan coci suka yi aikin bayan sujada. Yana tsaye yana jiran yabo.

"Malam Hamisu, ko saniya za ka kai kasuwa ai sai ka wanke ta," in ji shi. "Su-firefe, babban jami'in gwamnati na yankin nan, zai zo gani ranar Laraba. So kake ya tarar da bola ya ce ita ɗan Marta ya aiko wa uwarsa?"

Na tambaye shi lambobin. Ya ce waɗanne lambobi, wancan zanen da ma'aikatan tasha suka ɓata kaya da shi? Na zauna a kan wani fuli. Fentin bai bushe ba. Da na miƙe Mama Marta ta dubi wandona ta ce to, Malam ma ya shiga ƙungiya, sai a rubuta sunansa. Kowa ya yi dariya. Sai da na yi musu bayani dariyar ta tsaya. Fulin kowane ginshiƙi daban yake da na ɗan'uwansa. Akwai masu ɗaukar igiya daga ƙasa, akwai masu danne ta daga sama inda gangare ya karye. In aka sa wani a gurbin wani, wata rana igiya za ta yi tsalle ta fita da duk abin da ke rataye a jikinta. Alhaji ya cire hula ya riƙe a hannu.

Mako biyu na yi ina gwada ƙarfe da ƙarfe, ina auna ramin bulo, ina duba inda wani ya ci wani. Na haɗa kaɗan, sauran kuwa sai in haɗa da safe in kwance da yamma don ban yarda ba. Wata rana ina kankare fenti a bakin wani ginshiƙi, don ƙarfe ya zauna a kan ƙarfe ba a kan fenti ba, sai babban yatsana ya ji wani ƙurji-ƙurji. Na ƙara kankarewa. Ɗigo huɗu ne a jere, an buga su da ƙusar alama. Na je kan wanda nake zargin shi ne abokinsa, na kankare daidai wurin, hagu da bulon sama. Ɗigo huɗu. Ashe mutumin da ya kwance injin a can bai yarda da allinsa ba. Ya rubuta da alli, sa'an nan ya bi kowane ƙarfe ya buga lambar a jikinsa, biyar-biyar a layi, kullum a wuri guda. Bai san fenti ba, bai san Alhaji Buba ba, amma ya san hanya tana da nisa.

Washegari Mama Marta ta kawo mata ashirin da fasassun kwalabe da yashi. Na nuna musu wurin, faɗin tafin hannu kawai za a kankare. Kowace ta sami nata sai ta kira lambar, ni kuma in rubuta, a wannan karon sau biyu, a littafi biyu. Dutsenmu bai kai nasu tsawo ba, ginshiƙi biyar da kujera goma sha shida suka ishe mu, don haka abin da muke bukata kawai aka kankare. A wajen kujerun ne na ga wani abu. Uku daga ciki, ban da ɗigon lamba, an kewaye lambar da zobe na ƙananan ɗigo a jikin muƙamuƙin. Na juya su, na duba a rana, na ƙwanƙwasa da guduma, ƙararsu ɗaya da ta sauran. Ban ga komai ba. Amma abin da ban gane ba ba na rataya mutum a kansa. Na sa aka kankare wasu uku a madadinsu, masu zoben na kulle su a sito. Ke nan goma sha tara aka kankare. Sauran goma sha ɗaya suna nan da fentinsu, ƙungiya ta ba wani mai sayen tsohon ƙarfe a Ngong, ya ba su siminti da gazuwal, wato man inji. Ina wurin aka loda su, har igiya na taya ɗaurewa. Na ɗauka yanka su zai yi.

Ranar saƙar igiya ita ce ranar da na fi tunawa da Malam Ɗanjuma. Igiyar jirgi zobe ɗaya ce, bakinta biyu dole su haɗu ba ƙulli ba walda, kuma kaurinta kada ya ƙaru, in ba haka ba ba za ta wuce ta fuli ba. Sili shida ne naɗe da zuciyar rama. Ana warware su tsawon taku arba'in, a shigar da na wannan baki cikin gurbin na wancan, ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a zare ramar a cusa wutsiyar kowane sili a ciki ta zama ita ce zuciyar. Mutum ɗaya ba ya yi. Maza talatin suka riƙe mini sili, mai ba da waƙa a coci shi ke ba da murya in za a ja tare, ni ina tsakiya da tsinke da gudumar tagulla. Muka fara da hantsi muka gama rana ta yi sanyi. Da na ja tsumma a kan saƙar ya wuce bai maƙale ba, na sake ja. Alhaji ya yanka bunsuru biyu da hannunsa don kowa ya ci, Musulmi da Kirista. Wani abu kuma da samarin nan ba za su gani a salula ba: ramin da nauyin siminti mai jan igiya ke sauka a ciki, sai da na sa aka ƙara masa zurfi, don igiyar a ƙasar sanyi ta girma, zafin bazararmu yana sa ta miƙe. Mako biyu buhunan yashi kawai ke hawa da sauka. Mutum na farko da ya hau ni ne. Ta biyu Mama Marta, idonta a rufe tana addu'a tun daga ƙasa har sama, da ta sauka ta ce ba ta ji tsoro ba ko kaɗan.

Shekara biyu muna lafiya. Ta uku ita ce muguwar shekarar. Ruwa ya yi yawa, gefen dutse ya zabtare ya tafi da hanyar ƙafa, daidai lokacin da tumatir ya nuna. Komai ya koma kan igiya: kwandunan tumatir, 'yan lekol, marasa lafiya, gishiri da sabulun da ke hawa sama. Kujera goma sha shida ba su iya ba, inji kuma ba a ƙara masa gudu. Kwando sai ya kwana biyu a layi, ruwa na tsiyaya daga gindinsa. Mama Marta ta sauko da dattawan ƙungiya, ta same ni ina sa wa fuli giris.

"Malam, kujeru uku na barci a sitonka, tumatir ɗinmu na ruɓewa a layi," in ji ta.

Na ce mata suna da zobe.

"Shekara uku kana tsoron zobe. Ka taɓa ganin abin da ya same su? Ka ce ka duba, ka ce ka ƙwanƙwasa. Ni gonata ɗaya ta tafi, ta maƙwabciyata Rahila ta tafi. Zoben nan zai ba yaranmu abinci?"

Alhaji Buba yana wurin, ya zo ɗaukar awaki. Ya ce Sake-Duba, in aljani ne a ciki ka fito da shi mu yi masa addu'a ta ɓangare biyu, ba zai tsira ba. Aka yi dariya, amma Mama Marta ba ta yi ba. Ta ce mabuɗin sito a hannuna yake, amma jirgi na ƙungiya ne, in ban rataya su ba zuwa jibi za su kira mai walda daga Garwa ya rataya. Ban ga laifinta ba. Ba ni da abin da zan nuna mata sai ɗigon ƙusa da wani da ban sani ba ya buga.

Ina komawa gida na buɗe akwatin Malam Ɗanjuma, wanda ya bar mini, ina neman wani bulo, sai hannuna ya taɓa ƙullin allin nan. Washegari da sassafe na kwance muƙamuƙan uku, na kankare fentinsu kaf har ƙarfe ya fito tsirara, na wanke, na nutsa su a kwanon kananzir. Da rana ta take, Allah ya sa ranar babu hadari, na fito da su gaban rumfar inji, na goge su har suka bushe, na dama alli da ruwa-ruwa na shafe su, na jera a kan kwanon rufi a rana. Mutanen layi suka kewaye ni. Wani ya tambaya ko toya su zan yi. Wata ta ce a'a, kwalliya yake musu za su coci. Allin ya bushe fari. Na ɗauki gudumar tagulla na ƙwanƙwasa kowanne a hankali, na koma na tsuguna. Ba abin da ya faru har na fara tunanin abin da zan ce wa Mama Marta.

Sai wani siririn layi ya fito a jikin na farko, kamar gashi ya faɗa a nono, daidai inda ƙarfen ya lanƙwasa. Kananzir ɗin da ya shige cikin tsaga ne zafi ke fito da shi yana jiƙa alli. Kafin in nuna, na biyu ya yi, a wuri guda. Na uku ya ɗan jima, shi ma ya yi. Na ɗauki na farko na matse shi a bakin ƙarfe, na kawo babbar guduma. A duka na biyu ya ɓalle. Cikin karayar kusan duka baƙi ne, tsohuwar tsaga mai tsatsa, abin da ke ƙyalli, wato abin da ke riƙe da shi, bai fi faɗin farce ba.

Mama Marta ta sunkuya ta ɗauki ɓallin ta juya shi a tafinta.

"Ranar Juma'a surukata za ta sauka awon ciki," in ji ta. "Da ma na ce sabuwar kujera za a ba ta."

Ta ƙulle ƙarfen a bakin zanenta. Sa'an nan ta ce in rufe sitona, in kuma faɗi abin da nake so a yi. Na ce ina so a tsayar da jirgi kwana biyu in gwada sauran goma sha shidan. Na san abin da kwana biyu ke nufi ga kwandunan da ke layi. Ta juya ta gaya wa mutane da yarensu, wasu suka yi gunaguni, ba ta ko kalle su ba. Duka goma sha shidan suka fito fari fes. Mutumin nan bai yi kuskure ko a ɗaya ba: inda ya sa zobe akwai tsaga, inda bai sa ba babu. Tumatir na shekarar rabinsa aladu da awaki suka ci. Ba wanda ya taɓa goranta mini, kuma kafin wata ya cika maza suka sare sabuwar hanya.

Ina shafa wa ta goma sha shida alli ne kujeru goma sha ɗayan nan da aka sayar suka faɗo mini a rai. Da safe na hau mota zuwa Ngong. Mai tsohon ƙarfen ya ce ai bai yanka su ba, sun fi ƙarfin yanka, sayar da su ya yi yadda suke. Huɗu na same su a bakin hanya wurin wani mai shayi, an dasa su a kan tubalan siminti direbobi na zama, muƙamuƙan kuma ya ɗora su a kan rufin kwano don kada iska ta yaye. Na roƙe shi tsani na hau na kankare. Ɗaya na da zobe. Da ya ga yadda na riƙe shi sai ya ɗauka wani abu mai daraja ne a ciki, sai da na sha shayi kofi biyu ina bayani kafin ya bar mini shi. Sauran bakwai, mai ƙarfen ya ce wani mutum ne ya zo da ƙaramar motar ɗaukar kaya ya kwashe, ya yi maganar Kaele ko Maga, ba ya tunawa. Na je Kaele sau biyu, Maga sau ɗaya, na bi duk waɗanda muka yi aiki tare a da. Alhaji Buba ya sa direbobinsa suna tambaya a kowace kasuwar shanu, shi da kansa yakan ce fentinsa ne ya rufe, dole ya taya a buɗe. Shekara biyu ba labari.

Na sa Mama Marta ta tambayi Pol wane ne ya kwance injin. Ya ce wani tsoho ne da ya yi rayuwarsa yana kula da jirgin, ba mai yawan magana ba. In an tashi aiki kowa ya tafi cin abinci, shi sai ya tsaya da ƙaramar guduma yana ta ƙwas-ƙwas a jikin ƙarafa, sauran na tsokanarsa. An ce masa a loda komai, ya loda komai, wataƙila ya rubuta bayanin zoben a takardun da ruwa ya cinye. Wurin an rufe, tsohon ya koma wajen 'yarsa a wani gari, Pol bai riƙe sunansa ba. Ni dai a sana'ar nan na ci arzikin mutane da yawa, maigidana da ya sa ni jan tsumma, matan da suka yanke yatsu da kwalba, Alhaji da motocinsa da bunsurunsa. Amma wanda ya fi yi mini aiki ban taɓa ganin fuskarsa ba.

Watan jiya wani direban Alhaji ya ce mini a daminar bara ya ratse daga hanyar Kaele saboda gada ta lalace, ya bi ta wani ƙauye, ya ga an ja igiyar ƙarfe ƙetaren wani mayo, wato rafin da ke cika da damina, koriyar kujera mai cin mutum biyu na rataye, ana jan ta da hannu ana ƙetarar da mutane. Bai tsaya ba, bai san sunan ƙauyen ba, sai da ya ga namu ya tuna. Mun koma tare mun nema, rani ne, mayo duk sun bushe sun zama kama ɗaya, ba mu ga igiya ba. Wataƙila suna kwancewa su ajiye sai ruwa ya sauko.

Don haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, ko aka karanta masa. Kujerar mazauninta katako ne jere-jere, bututun da take rataye da shi a lanƙwashe yake kamar sandar makiyayi, fentinta kore ne, in ya ɓantare za a ga ja a ƙarƙashi. In kun san inda take, ko inda sauran suke, ku faɗa wa kowane direban motar shanu mai zuwa Garwa ya gaya wa Sake-Duba, zan zo da kananzir ɗina da allina, ba na son ko kuɗin mota. Ba zan karɓe wa kowa kayansa ba. Kafin in iso, a samu fasasshiyar kwalba a kankare muƙamuƙin, hagu da babban bulo, faɗin tafin hannu. In an ga ɗigo kawai, a jira ni. In an ga zobe, kada a ɗora ko akuya.

In kuma akwai ɗan ƙasarmu a can cikin duwatsun Turai da ya san wani tsoho da ya taɓa kula da jirgin igiyar da aka aika Afirka, ya gaya masa kayansa sun iso, suna aiki, an kuma karanta saƙonsa duk da fenti hannu biyu. Ya kuma tambayar mini shi abu ɗaya. Mun ga zobe huɗu. Nawa ya buga?